Ƙofar da na fasa a katangar Baba

Bazarar bana ta zo da irin zafin nan da ke sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa. Ina zaune a ƙofar gidan da aka ba mu aro a Batsari, na jingina da bango ina jiran iskar da ba ta da niyyar zuwa, sai ga ɗana Lawal ya dawo daga majalisarsu da sauri. Na daɗe ban ga saurinsa ba. Shekara shida ke nan tun da ɓarayin daji suka raba mu da ƙauyenmu na bayan Wagini, kuma shekara shida ke nan Lawal ba shi da inda zai je da sauri. Ga takardar makaranta a jaka, ga ƙarfi a jiki, gona ta gagari zuwa, aiki kuma bai samu ba.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, gwamnati ta kawo aiki. Yashe kwalbatoci da cike ramukan hanya kahin ruwa shi sauka, wata ukku. Ranar Alhamis za a biyo gida-gida a rubuta sunaye. Amma an ce gida ɗaya, mutum ɗaya."

Na ce to, madalla.

Ya ɗan sosa ƙeya. "Shi ne na ce, tunda mu biyu ne, ni da Yaya Haruna, mi zai hana mu ja zana a tsakar gida, Inna Indo ta kahwa murhunta can gehe? In sun zo mu ce gida biyu ne. Ai ba ƙarya muka yi ba, Baba. Da ma can gida biyu ne."

Haruna ɗan marigayi yayana Idi ne, Indo kuma mahaifiyarsa. Rana ɗaya muka baro ƙauye da su, gida ɗaya muka samu a nan, mai ƙofa ɗaya. Itace kuwa a gari saye ake yi, don haka matata Abu da Yaya Indo suka haɗa tukunya ba tare da kowa ya ce su haɗa ba. Shi ma Haruna zaman kashe wando yake yi kamar Lawal, ga mata ga 'ya'ya.

Na bi Lawal da kallo, sai na ga kaina ina da shekara ashirin da biyar, durƙushe a gaban wani tsoho, da wannan sosa ƙeyar, da wannan dabarar.

Shekara arba'in da 'yan kai ke nan. Damina biyu ta yi mana rowa a jere. Ta farko gero ya yi bunni sai ruwa ya ɗauke, ta biyu ko kai bai fitar ba, ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Kafin bazara ta shigo rumbunan Baba uku sun zama ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen sun yi ƙaura. Rijiyar unguwa sai an tura mutum ciki da ƙwarya ya jira ruwa ya taru. Fulanin da ke zaune yamma da mu suna koro shanu kasuwar Wagini, saniya tana tafe tana tangaɗi, a sayar da ita abin da bai kai a faɗa ba. Mata suka koma daji neman tafasa da yaɗiya, a dafa a cuɗa da ɗan ƙuli in an samu. Yara suna tsotsar aduwa har cikinsu ya ɓaci.

A lokacin gandu muke. Baba shi ne mai gida, shi ke riƙe da rumbu, shi ke fitar da awo kowace safiya da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a gefe. Ni da Yaya Idi muna noman gonar gandu daga hantsi zuwa azahar, da la'asar kowa ya tafi 'yar gayaunarsa. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu, don haka Yaya Indo da Abu ke karɓa-karɓar girki, kwana bibbiyu, a murhu ɗaya da ke gindin bishiyar darbejiya. Mu maza mu ci a zaure, akushi ɗaya, Baba ya fara sa hannu. Baki goma sha ɗaya ne a gidan: Baba, Yaya Idi da matarsa da 'ya'yansu biyar, sai ni da Abu da jaririyarmu.

Yaya Indo kuwa ba ta bar ni na sha ruwa da daɗi ba, irin wasan matar wa da ƙanin miji. Tun ranar da na ɗaura wa jakinmu gwangwani a wuya don in riƙa jin inda ya shiga, ta sa mini suna Sule sarkin dabara. In na shigo ta ce, "Ga sarkin dabara nan, ku ɓoye tukwanenku." Ni kuma in ce tuwonta ko kaza ta taka sai ta karye. Ko a cikin yunwar nan ba mu daina ba.

Ana cikin haka mai unguwa ya tara mu ya ce gwamnati ta kawo aikin taimako ga waɗanda fari ya zaunar. Za a haƙa dam a wani kwari tsakaninmu da ƙasar Safana, da hannu za a haƙa, ba da injin ba, don mutane su samu abin yi. Duk Alhamis a ba kowane lebura awon jar masara da ɗan abin cefane. Sai dai gida ɗaya, mutum ɗaya.

Aka rubuta Yaya Idi, tunda shi ne babba. Sati biyu muna raba awon mutum ɗaya baki goma sha ɗaya. Tuwo ya koma kunu, kunun ma ya koma wanda kana kallon fuskarka a ciki. Ni kuwa ina zaune a zaure da ƙarfina, ina kallon yayana yana dawowa da jar ƙasa har cikin kunne, ina jin kunyar sa hannu a abin da ya wahalto. Nonon Abu ya fara ɗaukewa. Jaririyar ta daina kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan ƙugi kamar na mage.

To, ni na lura da wani abu ranar da aka yi rubutun farko. Akawun da aka turo baƙo ne, kuma namiji, ba zai shiga gidan matan aure ba. A waje yake tsayawa, ya dubi ƙofa, ya tambayi sunan mai ita, ya rubuta, ya wuce. Ƙofa yake ƙirgawa. Da na ji an ce zai dawo a ƙara ɗaukar mutane saboda aikin ya fi ƙarfin waɗanda aka ɗauka, sai na samu Baba bayan sallar la'asar, na durƙusa, na sosa ƙeya.

Na ce, "Baba, in aka hwasa katanga ta bayan ɗakina aka sa ƙyaure, ai an yi gida biyu ke nan a idon akawu. Sai a rubuta ni. Mu kuwa a ciki muna nan yadda muke."

Baba ya daɗe yana jan tasbaha. Mutum ne mai ƙarancin magana, in zai yi ta kuma sai ya dubi ƙasa tukuna.

"Sule, katangar ga ubana ya gina ta. Ban taɓa ganin an hwasa ta ba sai don a ƙara ɗaki."

"Na wata ukku ne, Baba. Ƙohwa ce kawai."

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

A daidai lokacin jaririyata ta yi wannan ƙugin daga cikin gida, muka ji shi tare. Baba ya ajiye tasbahar.

"Je ka hwasa. Amma ka ji ni da kyau. Ranar da aikin ya ƙare, da hannun da ka hwasa za ka toshe."

Na ce na yi alkawari. Da zuciya ɗaya na faɗa, Allah shi ne shaida.

Katangar ta yi tauri fiye da yadda na zata. Ginin mutanen da ne, ƙasar ta sha kwaɓi. Sai da na yi yini guda da diga kafin haske ya ɓullo ta ɗaya gefen. Yaya Indo ta zo ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon ƙurar da ke tashi, ta ce, "Yau kam sarkin dabara ya zama gafiya." Muka yi dariya har da Yaya Idi. Na saƙa ƙyauren kara na jingina. Akawu ya zo, ya dubi ƙofa, ya rubuta sunana.

Aikin dam ɗin nan, duk wanda ya yi shi ba zai manta ba. Ana sallame asuba mu kama hanya, don heluma, shugaban leburori, yana busa usur rana na fitowa, ya kira suna, wanda bai amsa ba ya yi asarar yinin. Mutanen ƙauyen Darini na nan, na Babban Duhu na nan, har da Fulanin da shanunsu suka ƙare, mutanen da ba su taɓa riƙe diga ba, tafin hannunsu ya yi ta fashewa suna naɗe shi da tsumma. Kashi uku aka raba mu. Masu diga su sara, masu shebur su loda, masu kwanon sarki su ɗora a kan gammo su hau da shi bisa tudun da ake tayarwa, su zube, a bi da madaɓi a daɓe. Ni ina cikin masu kwano. Ƙasar ja ce mai tsakuwa, in diga ta sauka har tartsatsi take yi. Kwanon kuwa kafin hantsi ya ɗauki zafi, in ya taɓa kunnenka sai ka zabura.

Sai azumi ya same mu a ciki. Azumin bazara, a cikin rami, ba inuwa sai 'yan aduwa biyu da mutum ɗari ke rububi da azahar. Miyau ya kafe, harshe ya yi nauyi a baki. Waƙar da muke yi muna hawa tudu ta mutu da kanta, sai ƙarar diga da nishi. Na ga ƙato ya faɗi da kwano a kai, aka ja shi gefe aka fifita shi da hula, ya farfaɗo ya ƙi karya azumi, ya koma layi don kada a soke sunansa. Duk da haka, in gaya muku gaskiya, mun ji daɗin aikin nan. Mutumin da ya yi wata da watanni a zaune yana kallon sama, ya samu abin da zai sa ya tashi da asuba, ya dawo gida ana yi masa sannu da aiki. Wannan sannun ta fi masarar daɗi.

Alhamis ta farko na shigo ta zaure da awona, na zube gaban Baba kusa da na Yaya Idi. Baba ya auna da ƙwaryarsa mai ɗinki. Ranar aka yi tuwo na gaske, mai tsayawa a akushi. Na ji kaina ya yi girma. Na ce a raina, ga dabarar da tsoho ya so ya hana.

Matsalar ita ce ba ni kaɗai ke da ido ba. Kafin sati biyu rabin gidajen unguwarmu sun haifi ƙofofi. Gidan da kowa ya sani da zaure ɗaya sai ga shi da ƙyaure uku. Labari ya kai ofis, su ma ba yara ba ne. Suka turo mace. Wata ma'aikaciya ce mai farin gilashi, ita kam ba a hana ta shiga. Ba ta kallon ƙofa sam. Murhu take nema. Ta durƙusa ta tura hannu cikin toka ta ji ko da ɗumi, ta juya tukunya ta ga ko gindinta ya yi baƙi. A gidan maƙwabcinmu ta tarar da murhun da aka jera duwatsunsa da safe, fes, ko hayaƙi bai taɓa su ba. Ta soke sunan ƙanin, ta haɗa da na wan.

Da muka ji haka, ni na sake zuwa da shawara: Abu ta kafa murhu a ƙofar ɗakinmu ta riƙa girki na gaske, a kuma ja dangar kara daga darbejiya zuwa katanga don abin ya yi kama. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni na ɗauko duwatsu uku daga bakin rafi. Yaya Indo da kanta ta ɗebo garwashi a kasko daga tsohon murhu ta kawo wa Abu, ta ce, "Amarya, ga wutar gidanku." Wasa take yi, amma Abu ta karɓa idonta ya cika da hawaye. Mata sun riga mu ganin abin.

Da farko ba abin da ya canza sai wurin hura wuta. Awo biyu su haɗu a gaban Baba, ya raba bisa yawan baki, na mutum takwas can, na mutum uku nan. Mu maza muna ci a zaure kamar kullum.

Ƙofata ta fi kusa da hanyar dam. Wannan shi ne duk dalilin, in ana neman dalili. Wata Alhamis na dawo a gajiye, buhu a kai, na ga zagayawa ta zaure ya yi mini nisa, sai na shiga ta ƙofata na sauke. Na ce in na sha ruwa na kai wa Baba. Abu ta buɗe ta ɗiba ta yi mana kunun buɗa baki. Na ce to, gobe na kai. Gobe ta yi na fita da asuba. Baba bai tambaya ba. Da ya tambaya da na kai, na sha gaya wa kaina haka, amma tsohon ba zai roƙi ɗansa abin da ɗan ya san hakkinsa ne ba. Alhamis ta gaba ma ta ƙofata na shiga, wannan karon ba gajiya ba ce.

Awon mutum ɗaya a baki uku, ɗayan ma jaririya. Na ƙoshi. Nonon Abu ya dawo, yarinya ta yi kumatu. Ba zan yi wa kaina ƙarya da furfura ba: na ji daɗin ƙoshin nan, na kuma ji daɗin cewa ba wanda ke auna mini da ƙwarya. A ɗaya gefen dangar kuwa mutum takwas suka koma kan awon mutum ɗaya. Abu tana miƙa kwano ta saman danga kullum, ba ta fasa ba, amma abin da a da hakki ne ya koma kyauta, kyauta kuwa ana yi mata godiya. Ranar da na ji Yaya Indo ta ce wa Abu "an gode, Allah shi saka," sai da tuwon ya tsaya mini a wuya. Na sha ruwa ya wuce, na ci gaba da ci.

Na daina zuwa zaure cin abinci, don ba na iya kallon akushinsu.

Bayan sallah ƙyanda ta shigo unguwa. Ta kama yara da yawa, masu ɗan ƙarfi a jiki suka tashi. Ladi, 'yar Yaya Idi ta huɗu, mai shekara uku, ta same ta ba komai a jiki sai ƙashi. Kwana biyar ta yi. Ba wanda ya ce laifina ne, ko a fuska. Kwananta ne ya ƙare, haka kowa ya faɗa, haka ne kuma. Amma tun daga ranar Yaya Indo ba ta sake kirana sarkin dabara ba. Sai dai, "Ina kwana, Malam Sule." Ban taɓa jin zagin da ya kai wannan girmamawar ciwo ba.

Ana saura sati biyu aiki ya ƙare, na dawo na tarar da Baba a bakin ƙofata, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana kwaɓa ƙasa da ƙafa. A lokacin da ruwan sha ke wuya, tsohon ya yi kwanaki yana tara ruwan alwalarsa a tulu. Ya cuɗa da busasshiyar ciyawa, ya mulmula tubali, ya jera su a rana gefen ƙofar, layi uku. Na ce, "Baba, ai da ka bari na yi." Ya ce, "Na rage maka aiki ne. Su bushe kahin ka gama."

Kullum in zan fita sai na tsallake su, in na dawo sai na tsallake su.

Sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Iska ta juyo da ƙanshin ƙasa, irin wanda muka yi shekara biyu muna mafarki. Yaya Idi ya ajiye diga ya ce shi kam gona ta kira shi. Heluma kuwa ya tara mu ya ce an ƙara sati uku don a gama bakin dam kafin ruwa ya cika shi, kuma waɗanda suka tsaya har ƙarshe ana iya ɗaukarsu aikin dindindin. Na tsaya. Na gaya wa Baba sati uku ne kawai. Ya dubi tubalinsa, ya dube ni, ya ce Allah shi kai mu.

Ruwan shuka ya sauka wata ranar Talata da la'asar, muna cikin rami. Muka jefar da kwanoni muka tsaya a ciki, manya da gemu suna buɗe baki sama kamar 'yan tsaki. Wasu na kabbara, wasu na kuka. Ruwa ne na gaske, mai ƙarfi, har jar ƙasar ta riƙa gudu a ƙafafunmu. Na taho gida a jiƙe sharkaf ina murna. Na iske Baba tsaye a bakin ƙofata ba ko malafa, ruwa na zuba ta gemunsa. Tubalan sun narke, sun koma tulin laka, ruwa na jan ta yana shigar da ita ta ƙofar zuwa tsakar gidana. Ya yi ƙoƙarin rufe su da tsohuwar tabarma, iska ta ɗauke ta.

Na ce, "Baba, bayan damina sai in yi wasu."

Ya ce, "Ba komi, Sule. Ƙasa ce."

Washegari shi da Yaya Idi da mata suka fita shuka, ni na tafi amsa kiran suna. Noman farko ma ba ni. Aikin dindindin bai zo ba, heluman ma da aka tashi ba mu sake ganinsa ba. Na koma gona ciyawa ta riga ta ci rabin gandu. Da kaka, bayan an ɗaure ɗan abin da aka samu, Baba ya kira mu gona, ya taka ta da sandarsa daga gabas zuwa yamma, ya ce a dasa ciyawar gamba a bisa sawunsa ta zama iyaka. Kudu na Idi, arewa nawa. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Ya ce gara ya raba da ransa.

Bayan damina ban yi tubali ba. Na ce sai an gama sussuka, sai na ce sai an huta, sai wata damina ta zo. Dangar kara ta ruɓe, na maye ta da ginin ƙasa, don awakin Yaya Indo suna shigo mini. Ka ji, na samu ƙasar gina katanga a tsakiyar gidan ubana, ban samu ta toshe ƙofa ba.

Baba ya rasu bayan shekara biyu. Da aka aiko, sai na fita ta ƙofata, na zagaya bayan katanga, na shiga ta zaure tare da masu zuwa gaisuwa, na tuɓe takalmi inda baƙi ke tuɓewa. A nan ne abin ya same ni. Na zauna a dakalin zaure na yi kukan da mutane suka ɗauka na mutuwa ne kawai.

Ni da Yaya Idi ba mu taɓa yin sa-in-sa ba. Shekara talatin da wani abu muna gaisawa ta saman katanga, lahiya lau, ya iyali, ya gajiya. Ya rasu shekara guda kafin mu gudo. Dam ɗin kuwa yana nan, ya riƙe ruwa, aikin ya yi kyau. An ce yanzu shanun sata ke sha a ciki.

Duk wannan ban gaya wa Lawal ba. Ya san gida biyu ne, bai san yadda aka yi ya zama biyu ba.

Ranar Alhamis ya tashi da wuri ya aro zana ya jingina a tsakar gida. Yaya Indo, wadda yanzu sai da sanda, ta lallaɓa ta tattaro duwatsu uku ta jera a gefen ɗakinta, ta zauna a kan turmi tana haki. Na fito za ni ƙofar gida, ta ɗago kai ta dube ni da idanunta da suka fara yana.

Ta ce, "Sarkin dabara, ɗan naka ya gado ka."

Shekara arba'in ban ji sunan nan a bakinta ba. Ban san ko wasa take yi ba. Na wuce ƙofar gida.

Da hantsi suka iso, mai unguwa da wani saurayi sanye da riga mai ƙyalli, waya a hannu maimakon littafi. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi. Lawal da Haruna suna tsaye a bayana.

Saurayin ya ce, "Baba, gida nawa ne a nan?"

Na san abin da ya kamata in ce: biyu. Ba ƙarya ba ce, kuma baki goma sha huɗu ne a bayan ƙofar nan. Na buɗe baki, sai na ga tsoho tsaye cikin ruwa yana bin tabarma.

Na ce, "Ɗaya ne."

"Sunan wa za a sa?"

"Haruna. Shi ne babba."

Saurayin ya ɗauki hoton Haruna, ya danna wayarsa, suka yi gaba. Lawal bai yi mini rashin kunya ba, ban haife shi da ita ba. Ya dai tsaya har suka sha kwana, sannan ya ce a hankali, "Baba, shekara shidda." Ya shiga ya naɗe zanar ya mayar wa mai ita. Ni na kwashe duwatsun Yaya Indo ɗaya bayan ɗaya na kai bayan gida.

Haruna ya fara fita da baro da shebur. Abin da ya samo a hannun Abu yake sawa, a dafa a tukunya ɗaya. Lawal yana sa hannu sau biyu ya tashi. Na san wannan tashin, na yi shi a zauren Baba. Na so in zaunar da shi in ba shi labarin tubali, sai na ga ba labari yake bukata ba. Alkawarin nawa ne, ni na ɗauka, ni na karya, amma da rabon ɗana na biya shi. Har yau ban sani ba ko daidai na yi.

Ranar kasuwar da ta wuce Lawal ya ɗaure kayansa a jakar leda. Wani abokinsa ya ce ana samun aikin gini a kudu. Ya sallami uwarsa, ya sallami Inna Indo, ya zo ya durƙusa a gabana ya ce a yi masa addu'a. Na ɗora hannu a kansa na yi. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, iska ta taso da ƙanshin ƙasa. Ya saɓa jakarsa, ya sunkuya, ya fita ta ƙofa ɗayan nan da na hana a ƙara mata wata.